Yaran gareji, ɗaurin noti ba kokawa ba ne

Jiya a wani gareji a Jega na ga abin da ya ɓata mini rai. Tsohuwar Hilux ce mai injin 22R, manifol na salansa, wato ƙarfen da ke tattara hayaƙi daga kan inji zuwa salansa, yana hura hayaƙi. Wani yaro ya zura bututu a sifana, ya ɗora ƙafa yana dannawa, sai ji muka yi ƙas, noti ya karye a cikin kan injin. Ya ɗago yana dariya, wai tsufa ne ya kashe notin.

Ƙannena, wa ya ce muku ƙarfi shi ne iya aiki? Kan 22R alminiyam ne, haƙoran cikinsa ba sa jure zalunci. Toyota ta rubuta awon kowane noti: 44 Nm (ma'aunin ƙarfin matsi ke nan) ga manifol na hayaƙi, 19 kacal ga na shan iska. Abin da hannu ɗaya zai gama, ku kun tara masa nauyin jiki gaba ɗaya. Sannan ku kama notin gefe ku matse shi tamau, sauran suna reto. Manifol ya karkace, gaskit ya cinye, ƙarfe ya tsage. Ai daga tsakiya ake farawa ana fita gefe, zagaye biyu ko uku, injin kuma a huce. Sauri ya haifi nawa.

Mai mota ya biya kuɗinsa, ya yi lodin albasa a Aliero, bai kai Birnin Kebbi ba ƙara ta dawo, hayaƙi yana shiga masa inda yake zaune. Hayaƙin nan guba ne, yana kisa. In ta manifol na iska ne aka karkata, mota ta ƙi tsayawa a silo, ku kuma ɗora wa kafireta laifi, a sake cajin bawan Allah. Wannan ba cin amana ba ne?

Ga waya a hannun hagu, sifana a dama. Wasu ma sai sun haɗiyi ƙwaya kafin su shiga ƙarƙashin mota, shi ya sa hannu ba ya jin lokacin da noti ya ce ya isa. Amma dai matsin nan shi ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Ku rage, don Allah ku rage.

Iyayen gidanmu da suka yi zamanin Pijo 504 a-kori-kura, sai sun wanke noti da kananzir, sun fara murza shi da yatsa. Yaro yakan shekara yana miƙa sifana kafin a bar shi ya taɓa kan inji. Yanzu wata shida, ya kafa rumfa, ana ce masa Oga.