Ina maganarka ta sauka?

Assalamu alaikum ƴan'uwa.

Mu nan Damagaram ba mu san hasken nan kore da ja da ke kaɗawa da dare a sararin Kanada da Alaska ba. Masana na ce masa orora. Yana kamawa ne wajen kilomita 100 zuwa sama daga doron ƙasa, idan ƙwayoyi masu lantarki suka sauko suka bugi iska. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne hanyar da suke biyowa.

Allah Ya lulluɓe duniya da maganaɗisu, tushensa narkakken ƙarfe ne mai nisan kusan kilomita 2,900 ƙarƙashin ƙafafunmu. Layukansa kamar zare suke, ido ba ya ganin su, amma su ƙwayoyin ke bi. A 2007 hukumar NASA ta Amurka ta harba taurarin ɗan'adam 5 masu suna THEMIS, aka kuma jera kyamarori a Kanada da Alaska suna kallon sama. Tauraro na can nesa yana awo, masana kuma sun duƙufa kan lissafi, suna bin zaren daga inda yake har inda ya taɓa ƙasa, don su gane wane motsi ne can ya kunna haske nan. Da yake maganaɗisun ba ya zama wuri guda, duk shekara 5 sai an sabunta taswirarsa. Subhanallah, wahalar nan duka a kan zare!

To kai fa, ɗan'uwa? Kana zaune a fada a Zango, shayi na kan wuta, ka danna WhatsApp ka tura murya kan ƴar wani, abin da ko tabbatarwa ba ka yi ba. Ka taɓa bin zaren? Magana zarar bunu ce. Kafin a kira isha'i ta kai Agadas, ta kai Kano, ta sauka gidan da ake shirin ɗaurin aure. (Ni ma mai rubutun ban wanke kaina ba.)

Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi (SAW) ya ce bawa kan furta kalma bai tantance ta ba, ta jefa shi wuta nisan da ya fi tsakanin gabas da yamma.

Daren nan, kafin ka kwanta, buɗe wayarka ka duba saƙo na ƙarshe da ka tura, da sunayen waɗanda ka tura wa.