Akori-kurar Alhaji ta ƙi riƙe silo

ALHAJI: Malam Bakanike, in na taka totur lafiya lau take gudu, ina ɗaga ƙafa sai ta mutu.

OGA: Kafireta ce, mai haɗa wa inji mai da iska, ta gama aiki, Alhaji. Daga tarinta na gane.

YARO: Oga, ai a kashe take.

OGA: Wa ya tambaye ka? Buɗe bonet, ka tayar da ita ta yi zafi, cok mai taimaka wa inji tashi da sanyi ya saki. Ba a duba silo, wato aikin inji ba tare da an taka totur ba, inji da sanyi. Alhaji, riƙe mana totur.

ALHAJI: Man da ke ƙonewa fa, na wa?

OGA: Naka. Kai, fesa abin wanke kafireta a gindinta da bakin robobin nan. In wata roba ta tsage tana shan iskar sata, ƙarar inji za ta canza.

YARO: Ba ta canza ba.

OGA: Dama na sani. Subhanallahi! Wa ya ɗaure wannan sukurun haka?

ALHAJI: Ni ne. Na ga yana juyawa, na ce kar ya faɗi a hanya.

OGA: Alhaji, biyu ne. Na sama yana tokare totur, shi ke ɗaga silo ko ya sauke shi. Wannan na ƙasa shi ke auna man da inji ke sha in yana tsaye. Bakinsa tsini ne, a hankali ake kai shi ƙarshe, a dawo da shi zagaye ɗaya da rabi zuwa biyu, sannan a daidaita da kunne. Kai kuwa ka shaƙe shi tamau.

ALHAJI: Shi ya sa na ga mai yana auki.

OGA: To, na sassauta. Saki totur.

(Mota ta yi tari biyu, ta mutu.)

YARO: Oga, da aka murɗa makulli ban ji "ƙas" ba.

ALHAJI: Wane ƙas?

YARO: Wannan ɗan solonoyid ɗin, Alhaji. In wutar batir bolt 12 ta shige shi, sai ya buɗe jet ɗin silo, wato 'yar ƙofar da man silo ke bi. In an kashe mota ya toshe, don kar inji ya ci gaba da kakari. Ba wuta, ba man silo. Ga shi ma babu waya a jikinsa.

OGA: Abin da nake shirin faɗa ke nan.

ALHAJI: Wata 'yar waya siririya? Ai ita na jona wa rediyo.

(Yaro ya mayar da waya. Ƙas! Inji ya zauna daram.)

OGA: Ka ji aikin gwanaye, kamar agogo.

ALHAJI: Rediyona kuma ya yi shiru.

OGA: Sai ka zaɓa, Alhaji: tafiya ko labarai.

ALHAJI: Yaro, ƙarfe nawa?

YARO: Biyu saura kaɗan.

ALHAJI: Cire wayar.