Mun sayi fili, mun sare inuwa

Jiya da azahar na dawo daga aiki, na tarar da yara huɗu raɓe da katangar maƙwabcina, kowa ya manna bayansa da bango don ya samu ƴar siririyar inuwar da ba ta kai taki ɗaya ba. Ɗaya daga cikinsu ɗana ne. Ƙwallonsu na can tsakiyar layi, babu mai iya zuwa ɗaukowa, don yashin ya ɗauki zafin da ko da takalmi sai ka ji shi a tafin ƙafa. Na tsayar da babur, na duba gabas, na duba yamma. Daga bakin layinmu har inda ido ya ƙare, itace uku na ƙirga. Abin ya tsaya mini a rai har dare, shi ya sa na ce bari in yi magana da ƴan uwana mazauna sababbin unguwannin bayan gari.

Ni a Mokoyo aka haife ni. Duk wanda ya tashi a tsoffin unguwannin Maraɗi, ko Bagalam ne, ko Limanci, ko Ƴandaka, ya san abin da ake nufi da gindin bedi. Can tsofaffi suke shimfiɗa tabarma bayan la'asar, can mai wankin hula yake aikinsa, can ake zaman makoki, can mai tallar fura take sauke ƙwarya ta huta. Mu da muka taso cikin wannan inuwa mun ɗauka haka Allah ya halicci gari, ba mu taɓa tambayar wanda ya dasa ba. Alhali garin da muke ciki shi ma sabuwar unguwa ne a zamaninsa. Tsohon Maraɗi a cikin fadama yake, bakin gulbi, har ambaliyar 1945 ta rushe shi aka hau da mutane tudu. Kakanninmu sun zo sun tarar da yashi da rana kamar yadda muka tarar a nan. Suka dasa, suka yi shinge, suka ɗebo ruwa a ka suka ba dashen. Galibinsu ba su daɗe suna shan inuwar ba, mu ne muka sha.

Shekara huɗu ke nan da na tare a gidana. Lokacin da na zo ganin fili kafin in biya, wurin gonar hatsi ce, kunyoyin ma ba su gama ɓacewa ba. Akwai gawo manya-manya, akwai aduwa, akwai magarya, ga kalgo da sabara ko'ina. A cikin filina akwai gawo guda. Maginin ya ce tsakiyar ɗaki ya faɗo, na ce a sare. Da na zauna na yi tunanin minti goma da an matsar da ɗakin, amma hankalina yana kan kuɗin siminti da kwano. Yau a tsakar gidana babu inda matata za ta yi girki da rana sai ƙarƙashin rumfar kwano, mai zafi kamar tanda. Kuma abin da na yi shi kusan kowa ya yi. Mutum zai biya fili, kafin ya kawo bulo guda ya kira mai gatari, wai a share wuri.

Cikin gida wannan ya riga ya wuce, kowa sai ya gyara nasa. Abin da bai wuce ba tukuna shi ne filin jama'a.

Duk wanda ya taɓa ganin taswirar yankan filaye ya san ba dukan ƙasar ake rabawa gidaje ba. Ana barin wurin makaranta, wurin likita, wurin kasuwa, wurin masallaci, sannan ana barin fili don itatuwa da shan iska. A unguwarmu ma akwai shi, na gan shi a takarda da idona, kuma yana nan tsakanin layi na huɗu da na shida. Yau idan ka je, juji ne a gefe ɗaya, baƙar leda ta lulluɓe ƙaya, ɗaya gefen kuma masu buga bulo sun baje kayansu. Bara da rani muka wayi gari an zagaye kusurwar arewa da katanga. Muka yi tambaya, aka ce wani ne ya saya, yana da takarda. Wa ya sayar, da wane iko, kowa sai ya ɗaga kafaɗa. Ba zan kama sunan kowa ba, kuma ba shari'a na zo yi ba. Abin da na sani shi ne haka filin jama'a yake tafiya: ba a ɗauke shi rana ɗaya, ana gutsurarsa ne kamar ƙuli-ƙuli, yau kusurwa, baɗi wata kusurwa, har wata rana yaro ya tambaye ka ina ne filin, ka nuna masa shaguna.

Kuma laifin ba na mai gutsura ba ne shi kaɗai. Filin da babu komai a cikinsa sai shara, wa zai tsaya ya yi faɗa a kansa? Amma filin da ke da itace arba'in, tsofaffi na zama, yara na wasa, mata na ratsawa su huta, wanda zai kawo tifar yashi ya zuba a ciki sai ya yi tunani sau biyu, don ya san unguwa gaba ɗaya za ta fito.

Na tayar da maganar nan a masallaci bayan sallar isha'i, kuma na ji amsoshi. Wani Alhaji da nake girmamawa ya ce, “Malam, mu da ba mu da famfo, wuta sai ta ga dama, hanya damina ta cinye, kai kana zancen wurin shaƙatawa?” Maganarsa tana da nauyi, ni ma daga ƴan garuwa nake sayen ruwa. Amma famfo idan bai zo bana ba zai zo baɗi, bututu ne, ana shimfiɗa shi duk ranar da kuɗi suka samu. Fili kuwa idan aka gina shi ya tafi har abada, babu magajin garin da zai zo ya rushe gidan mutum don a dasa bedi. Shi ya sa a cikin dukan buƙatunmu wannan ce ba ta jira.

Wani kuma ya ce irin waɗannan wurare matattarar ƴan shaye-shaye ce. Na ce masa ya je filin yanzu da dare ya gani. Masu shaye-shaye duhu suke so da kango, inda babu idon kowa. Wurin da dattawa ke zama, ga fitila mai aiki da hasken rana guda biyu, ga ƴan fada suna dafa shayinsu a fili kowa na ganinsu, ba shi ne wurin ɓuya ba.

Ina ganin abin da ke rikita mu shi ne sunan. Da an ce wurin shaƙatawa sai hankalinmu ya tafi ga abin da muke gani a waya: ciyawa kore shar, ruwa na tsiri, furanni, ƙofa da mai karɓar kuɗin shiga. Wannan ba namu ba ne. A garin da ruwan sama yake sauka wata uku zuwa huɗu, sauran shekara sai rani, garin da zafi ke wuce digiri 40 a watan Afrilu da Mayu, ciyawar ado ɓarnar ruwa ce. A 2015, lokacin Maraɗi Kwalliya, an ƙawata tsakiyar gari, an yi tituna da gine-gine, mun gani mun yaba. Amma unguwar bayan gari ba kwalliya take nema ba, inuwa take nema. Wurin da za a kafa rumfar ɗaurin aure ko sadakar uku ba tare da an toshe layi ba. Wurin da yara za su buga ƙwallo ba a gaban kabu-kabu da adaidaita ba. Wurin da ɗan makaranta zai zauna da littafinsa lokacin jarrabawa idan ɗaki ya gagari zama. Sannan wurin da ruwan sama zai samu ƙasa ya nutse. Wanda ya ga daminar 2024 a garin nan, ya ga gidajen da suka faɗi da layukan da suka koma kwazazzabai, ya san ruwa idan ya rasa inda zai shiga, gidajen mutane yake shiga.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, a duk faɗin Sahel mu ne bai kamata a koya wa wannan ba. A nan Maraɗi aka yi babban taron ƙasa kan yaƙi da hamada a watan Mayun 1984, zamanin Janar Seyni Kunce, har aka fitar da abin da ake kira alƙawarin Maraɗi. A ƙauyukan jihar nan ne, tun daga 1983, wani Bature ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa ƴan tsirran da manoma ke sassabewa kowace shekara ba ciyayi ba ne, tohon kututturan itatuwa ne da saiwoyinsu ke raye a ƙarƙashin ƙasa. Manoma suka karɓi abin, suka haɗa da sanin da suka gada, suka sa masa suna sassaben zamani. Ba a dasa komai. Ka zaɓi rassa biyu zuwa biyar masu ƙarfi a kan kututture, ka datse sauran, ka tsare su daga dabba da gatari. Da wannan kaɗai masu bincike suka ƙiyasta an farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 a jihohin Maraɗi da Damagaram, itatuwa wajen miliyan 200. Daga ƙasashe ake zuwa Ɗan Saga a ƙasar Agye don a ga yadda aka yi. Mu kuma ƴan birni, masu takardun makaranta, mun zo mun sayi irin waɗannan gonaki mun mayar da su fako.

Akwai wani dattijo da gonarsa ce aka yanka aka yi layinmu. Yana zuwa lokaci-lokaci ya zauna ƙofar shagon unguwa. Makon jiya na ja shi muka shiga filin nan, ina faɗa masa nufina na sayo dashe. Ya sa sandarsa ya ture leda daga kan wani ɗan kalgo, ya ce, “Ɗana, mi za ka saya? Ga icce nan ƙasa yana jiran ku.” Muka zagaya tare. Ya nuna mini kalgo, ya nuna sabara, ya nuna magarya biyu, da wasu ƴan gawo da awaki suka gwaguye har ban gane su ba. Na ce, “Baba, waɗannan za su tashi?” Ya ce saiwarsu ta girme ni, ba su buƙatar ko bokiti ɗaya na ruwa, abin da suke so kawai a raba su da akuya. Mun ƙirga kututture ashirin da bakwai masu rai.

Akuya kuwa ita ce maganar gaskiya. Jar akuyar Maraɗi abin alfaharinmu ce, amma ba ta barin ɗanyen ganye. Kowace shekara ranar 3 ga Agusta ana dashen itace a ƙasar nan, a ɗauki hoto, a watse. Je ka duba wurin a watan Maris. Dashen da ba a yi wa shinge ba ko wata ɗaya ba ya yi, wanda aka yi wa shinge aka bar shi babu ban-ruwa kuma bazara ce ke ƙarasa shi. Kuɗin dashe ba shi ne tsada ba. Tsadar tana ga waya ko ƙaya da za a kewaye shi, da mutumin da zai ɗauki nauyin ba shi ruwa rani biyu a jere har saiwarsa ta kama. Don haka ni ba na goyon bayan a dasa ɗari. A tsare ashirin da bakwai ɗin da Allah ya bar mana, a ƙara bedi goma sha biyar a gefen hanya saboda saurin girmansa da yawan inuwarsa, da tsamiya ko maɗaci biyu-uku don jikoki. Kowane dashe a damƙa shi ga gida ɗaya da sunansa. Ruwan alwala da na wanke-wanken da babu sabulu mai yawa, wanda muke zubarwa a ƙofar gida, ya ishi bedi guda. Manzon Allah (SAW) ya ce babu Musulmin da zai dasa itace ko ya yi shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba su ci daga ciki, face an rubuta masa sadaka. Muna gasar gina masallatai a layi-layi, kuma alheri ne, amma mutanen da za su fito sallar azahar su ma suna buƙatar inda za su ratsa.

Ga hukuma kuma roƙona ƙarami ne. A liƙa taswirar kowace sabuwar unguwa a inda jama'a za su gani, a ba mai unguwa kwafinsa, a kafa allo a bakin kowane filin jama'a da ke faɗin abin da aka ware shi dominsa. Yawancin maƙwabtana ba su ma san muna da fili ba sai da na nuna musu. Ma'aikatan gandun daji kuma su leƙo mu kamar yadda suke leƙa ƙauye, su nuna wa matasa yadda ake datsa.

Mun yi magana da mai unguwa da liman, sun amince. Gida goma sha ɗaya sun yarda da dala ɗari-ɗari a wata don sayen waya. Matan layi na biyar sun ce su za su riƙe kuɗin. Ranar Asabar bayan sallar asuba, kafin rana ta yi zafi, za mu fara da kwashe leda, Baba kuma ya ce zai zo da addarsa ya nuna mana reshen da ake bari. Wanda ke da baro ko manjagara ya taho da shi.