Don Allah a riƙa ƙarasa wa yara zink ɗin nan

Jama'a akwai abin da yake damuna wallahi. Yaro na gudawa, a je asibiti a ba da ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zink, kwana biyu gudawa ta tsaya shikenan sai a jefa sauran maganin a durowa wai ai ya warke. Haba iyaye!

Tun 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ce a haɗa biyun nan, kuma zink ɗin kwana 10 zuwa 14 ake bayarwa, adadin da suka sa a lokacin shi ne miligiram 20 kullum, in jariri ne ƙasa da wata shida miligiram 10. Ruwan yana mayar da ruwan jikin da ya zube ne, shi kuma zink shi ke taimaka wa hanji ya farfaɗo, ya rage tsawon ciwon, sannan ya kare yaro daga sake kamuwa har wata biyu zuwa uku, to wannan kariyar fa ita ake zubarwa in aka tsaya a hanya. In yana sa shi amai a ba shi bayan ya ci abinci ko ya sha nono, ba a daina ba.

Duka-duka zink ɗin da ke jikin babban mutum bai wuce giram 2 zuwa 3 ba, kuma jiki ba ya ajiye shi, gudawa ma kwashe shi take yi. Amma garkuwar jiki, warkewar rauni, girman yaro, har jin ɗanɗanon abinci duk da hannunsa a ciki. A 1961 wani likita Ananda Prasad ya ba da rahoton samari a Iran 'yan shekara ashirin da jikin yara, ba su balaga ba, daga baya a Masar aka tabbatar ƙarancin zink ne. Abincinsu kusan hatsi zalla ne, shi kuwa hatsi akwai sinadarin da ke riƙe zink ya hana hanji tsotsa, shi ya sa na nama da hanta da kifi ya fi shiga jiki.

Ku kuma manya masu haɗiyarsa kullum tun lokacin korona ba likita ba komai, ku yi hattara. Namiji miligiram 11 yake buƙata a rana, mace 8, in aka daɗe ana wuce 40 yana hana jiki ɗaukar sinadarin kofa (wato copper, jan ƙarfe), daga nan sai ƙarancin jini da matsalar jijiyoyi. Ku tambayi likita tukuna don Allah.