Wat 3000 na jikin kwali ba shi ne ƙarfin amfilifaya ba

Masu haɗa sauti a mota da kuɗi kaɗan sukan ruɗu da babbar lambar jikin kwalin amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti. Wannan ƙarfin ƙiftawar ido ne kawai. Abin nema shi ne RMS, ƙarfin da amfilifaya ke bayarwa a ɗore.

Duba fis ɗinta. In na amfiya 30 ne (ma'aunin kwararar lantarki), ninka shi da bolt 14 na lantarkin mota mai aiki: wat 420 ke nan, kuma zafi yana cinye wani kaso. To, daga ina 3000 zai fito?

Daidaita RMS ɗin amfilifaya da na lasifika a om (ma'aunin turjiyar lantarki) iri ɗaya, 4 ko 2. Matsa wa ƙaramar amfilifaya har sauti ya fara karcewa yakan ƙona naɗin wayar lasifika.