Ku Karanta Tukuna, Sannan Ku Zage Ta

Ranar Asabar da ta wuce na halarci wani zaman tattauna littafi, kuma har yanzu abin da na gani a wurin bai sake ni ba. Wata matashiya ce ta fitar da littafinta na farko, labarin wani yaro ɗan shekara 16 da rayuwa ta rikice masa: gida babu zaman lafiya, ya fara guje wa makaranta, ya faɗa hannun abokan banza, har ya kai ga shan maganin tari da ɗaukar kuɗi a jakar mahaifiyarsa. Mun kai mu talatin a ɗakin. Da mai gabatarwa ya ce wanda ya karanta littafin har ƙarshe ya ɗaga hannu, hannaye shida na ƙirga. Amma da aka ba da damar tofa albarkacin baki, sai ga kowa ya zama malami.

Wani saurayi ya miƙe, ya zaro waya, ya karanto mana hoton shafi ɗaya da aka turo masa, wurin da yaron ya kulle kansa a banɗaki da kwalba a hannu. Ya gama, ya dubi marubuciyar ya ce, "Malama, in ba ke ma kin taɓa sha ba, ina kika san yadda ake ji?" Aka kwashe da dariya. Ina kallon hannunta a kan tebur, tana ta murza murfin biro har ya tsage. Ba ta ce uffan ba.

'Yan uwana matasa, wannan ɗabi'a ce ta sa na ɗauki alƙalami. Mutum bai karanta ba, bai ma riƙe littafin ba, shafi guda ya gani cikin kusan ɗari biyu, amma ya yanke hukunci, kuma hukuncin bai tsaya kan littafin ba, sai da ya haura kan mutuncin wadda ta rubuta. Yaron labari ya yi sata, an ce marubuciya ɓarauniya ce. Yaron ya ɗaga wa uwarsa murya, an ce ita ce ba ta da tarbiyya. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa! Yaran da ke shaye-shaye na gaske suna nan muna wuce su kullum ba mu ko tsaya, amma wadda ta zauna ta rubuta mana halin da suke ciki ita muka ga damar jifa.

Da wancan saurayin ya daure ya kai shafukan ƙarshe, da ya ga daren da yaron ya farka a gadon asibiti ya tarar da ƙanwarsa ta yi barci a kan kujera riƙe da takalminsa. Da ya ga cewa babu inda littafin ya yi wa shaye-shaye kwalliya. To amma ina! Ganin kitse ake yi wa rogo, a wannan karon kuma rogon ma ba a gani ba, labarinsa aka ji. Rashin sani ya fi dare duhu, wanda kuma ya fi shi duhu shi ne mutum bai sani ba yana ta ɗaga murya.

Abin da ya fi ba ni haushi, da sunan kare tarbiyya ake yin wannan. Wace tarbiyya? Wadda ta koya mana a Suratul Hujurat cewa idan labari ya zo mana mu bincika kada mu cutar da wasu cikin jahilci, kuma a cikin surar dai aka ce mu nisanci yawan zato? Alƙur'ani da kansa ya ba mu labarin 'yan uwan Annabi Yusuf da suka jefa shi rijiya, ya ba mu labarin ɗan Annabi Adam da ya kashe ɗan uwansa. Ba da labarin ɓarna daban, kira zuwa ga ɓarna daban. Wanda bai iya rarrabe waɗannan biyun ba, bai kamata ya yi gaggawar miƙewa a gaban jama'a ba.

Kuma ba a kanta aka fara ba. A 1951 wani Ba'amurke, J.D. Salinger, ya fitar da The Catcher in the Rye, labarin wani yaro da aka kora daga makaranta yana gararamba a birnin New York. An yi ta cire littafin daga makarantu da ɗakunan karatu, har a 1960 aka sallami wani malami a Tulsa saboda ya ba ɗalibansa su karanta, kafin daga baya a mayar da shi bakin aiki. Yau ana koyar da shi a makarantu da dama. A garin Tulsa ɗin nan kuma wata yarinya ta fara rubuta labarin rikicin gungun samari tun tana makarantar sakandare, aka buga shi a 1967 tana da shekara 18, aka ba ta shawarar ta sa S.E. Hinton a bango maimakon cikakken sunanta, don kada masu sharhi su raina littafin da sun ga mace ce. Shekaru kusan sittin ke nan, ga mu muna tambayar wata yarinyar ina ta san halin maza.

Ina ta sani? Ta buɗe ido ne ta duba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin duk yara bakwai 'yan shekara 10 zuwa 19, ɗaya na fama da wata matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa. Masana kuma sun nuna cewa ɓangaren gaban ƙwaƙwalwa, wanda ke taka wa mutum birki ya auna abin da zai biyo baya, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. Ke nan yaron littafin nan ba daga sama ya faɗo ba. Ƙanen wani ne a cikinmu, wataƙila ma wani a cikinmu ne shekara goma da suka wuce, sai dai Allah ya rufa masa asiri. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Kada a ce na ce littafin ba shi da aibu. Yana da shi, kuma na gaya mata. Tsakiyarsa ta yi ja, uban yaron an zana shi baƙi ƙirin kamar babu ɗigon alheri a tare da shi, ga kurakuran rubutu da edita ya kamata ya kama. Irin wannan ake faɗa wa sabon marubuci, da lambar shafi, don na biyu ya fi na farko. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ba sare shi ake yi ba. Su ma masu yabon da ba su karanta ba ban ƙyale su ba, masu "Allah ya ƙara basira" a jefa a wuce. Ku da masu zagin jirgi ɗaya ya kwaso ku, bambancin kawai ku ba ku sa ta kuka ba. Balle kuma masu ɗaukar hoton littafin mutum shafi-shafi suna rarrabawa kyauta, wai suna taimakon adabi. Wannan sata ce, a kira ta da sunanta.

Wallahi ina kewar lokacin da mutum ke jin kunyar magana a kan littafin da bai karanta ba. Littafi ɗaya sai ya zaga hannu goma, bango ya yage a liƙe shi, kowa na jiran layinsa. Idan aka zauna musu, da shafi ake kafa hujja, wanda bai kai ƙarshe ba ya yi shiru ya saurara, har ya toshe kunne kada a ɓata masa labari. Babba idan zai gyara wa ƙarami rubutu sai ya ja shi gefe. Yanzu kuwa kowa so yake a ce shi ya fara magana, shi ya fi kowa zafi, ko da bai san sunan jarumin labarin ba. Haƙurin zama da shafi ɗari biyu ya ƙare, kunyar ma ta bi shi.

Ni dai roƙona, ƙannena, ku ji tsoron Allah a kan mutuncin mutane, ku dinga karantawa. In kun karanta kun ga abin zagi, to a lokacin sai mu zauna mu yi magana.

Da aka tashi, ta tattara kwafen da suka rage ta mayar cikin kwali, na taya ta ɗauka zuwa bakin ƙofa. A nan saurayin nan mai waya ya tare ni, ya rage murya, ya ce, "Yaya, don Allah in kana da shi a waya ka turo min, ina so in ga yadda yaron ya ƙare."