Faifan sola a rufi bai isa a ce kanti yana kare muhalli ba

Mutane da yawa a Zariya na ɗauka cewa babban kanti, muddin an lulluɓe shi da gilashi an jera faya-fayan sola a rufinsa, to ya zama ginin da ke kare muhalli. Ba haka abin yake ba.

Gilashin da ya fuskanci yamma yana zuba zafin la'asar cikin gini, musamman a watan Maris da Afrilu, sai na'urar sanyaya ɗaki ta yi ta aiki har dare. Firji da firiza kuwa su ne ke cin kaso mafi tsoka na wutar irin wannan kanti, ba dare ba rana. Idan firjin ba shi da ƙofa, ko iskar gas ɗinsa na yoyo, wutar da solar ta samar tana tafiya a banza. Da rana ta faɗi kuma, in babu batir, janareta za a tayar.

Magabatanmu sun san maganin zafi. Dubi tsohon Masallacin Juma'a na cikin birni, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19: katanga mai kauri, rufi mai tsawo, tagogi ƙanana.

Titunan da ke kewaye ma suna cikin lissafi. Mai sayayya a Sabon Gari ko Tudun Wada yakan zo da ƙafa ko a keke, ya sayi tumatir da albasar da aka noma nan kusa. Kantin da sai da mota ake isa gare shi, aka sare bishiyoyin darbejiya don filin ajiye motoci, aka bar leda tana toshe kwata, ya ƙara wa unguwa zafi da ambaliya ne.